Farin da ke Yatsan Kaka

Mutane suna ce mini Ango. Gemu ya yi furfura, haƙora sun fara zuba, har yanzu Ango. Yaran kasuwar Tanut in suna son su ba ni haushi sai su ce, "Ango, ina amarya?" Ba suna ba ne, kowa ya sani. Laƙabi ne da kaka ke yi wa jikan da aka sa wa sunan mijinta, tunda bakinta ba ya iya faɗin sunan. Kowane Ango a ƙasar nan yana da sunan yanka a ajiye, wanda aka raɗa masa a kunne ranar da aka yanka masa rago. Ni nawa yana bakin tsohuwa guda ɗaya a duniya, ita kuwa ba ta faɗinsa.

Ban san uwata ba, ban san ubana ba. An haife ni a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, ƙauyen da yanzu ko kufansa babu. Yunwa ta fara da shi, tashin hankalin da ya biyo baya ya ƙarasa shi. Kakata, uwar ubana, ta goya ni ta yi ta tafiya har ta sami inda aka ba ta wurin kafa bukka, a wani gari kusa da Gangara. Ba wanda ya san mu a can. Ba wanda ya ci naman sunana.

Sana'arta kaɗi da ɗinki. Kaɗi dai na mata ne, amma allura a zamanin nan ta maza ce. Mijinta maɗinki ne, ta koya tana kallonsa, da ya mutu ta gaji allurarsa. Da farko mazan garin sun yi mata dariya, daga baya suka riƙa aiko matansu da tsofaffin riguna. Suka sa mata Iya Mai Allura. Ba a suna sai ta ɗinka zanen goyo, ba a kaciya sai ta yi bante, ba a kai amarya sai ta haɗa gwado. Kullum tana mita.

"Mutanen garin nan ba sa hutawa. Yau haihuwa, gobe aure. Ni yaushe zan ɗinka nawa?"

Nata da take faɗi wata riga ce. Zaren da ta kaɗa ta kai wa masaƙi, ya saƙa mata ƙyallaye, tana haɗa su kaɗan kaɗan in ta sami sarari. Wai rigar aurena ce. Ni lokacin ko wando ban fara sawa ba.

Da rana take ɗinki, don idonta ba ya ganin kafar allura in rana ta faɗi. Kaɗi kuwa ba ya son ido, yatsa ke yi. In ɗari ya shigo, an gama kai gero rumbu, Buzaye sun fara sauke raƙumansu bayan gari suna neman hatsi, sai mu ci tuwo da wuri mu hura wutar kara a bakin bukka. Har yanzu in na ji warin kara yana ci da ɗan kashin shanu sai in ga gwiwoyinta. Takan miƙe ƙafa ɗaya, ta ajiye taskira a gefe. A ciki akwai auduga, da mazari, da wani ɗan farin curi da take dangwala yatsa a kai don kada mazarin ya yi santsi. Ƙashi ake ƙonawa a daka a cura. Duk mai kaɗi tana da shi. Kaka "farin nan" take ce masa.

"Ango, miƙo mini farin nan."

"Ango, farin nan ya ƙare, gobe ka tsinto mini ƙashi a mahauta."

Haka na tashi ina ji, haka na ɗauka sunansa ke nan.

Kafin tatsuniya sai an yi asali. Ba ta yarda a tsallake. Ta ce yaron da bai san waɗanda suka haife shi ba ko akuya ta fi shi, don ita tana gane uwarta cikin garke. Sai ta murza mazari ta fara. Ita 'yar Bukar ce, Bukar ɗan Kyari, Kyari ɗan Gana mai jakai, daga gabas suka zo. Ta faɗi uwayensu, ta faɗi wadda ta yi tagwaye, ta faɗi wanda zaki ya ci. Nan bakinta ba ya tsayawa. Amma in ta juyo wajen maza na gidan da ta yi aure sai murya ta sauka.

"Kai ɗan wancan yaron ne, wanda ake ce wa Nomau. Shi ɗan mai ɗakin nan ne. Shi kuma ɗan Baba ne."

Shi ke nan. Ubana ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, Nomau ɗin ma laƙabi ne don da damina aka haife shi. Miji ba a faɗi. Suruki ba a faɗi. Asalinta cike, nawa duk ramuka.

Na sha tambayarta. "Kaka, ni mene ne sunana na gaskiya?"

"Sunan kakanka."

"Shi mene ne nasa?"

"Naka mana. Kai wane irin miji ne, sai matarka ta faɗa maka sunanka? Ga lalaci, ga cin tuwo, ko itace ba ka kawowa. Gobe zan kai ƙara a raba auren nan."

In yi dariya, maganar ta wuce. Yaro bai damu ba. In an kira shi ya amsa ya ci abinci, me ya rage?

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na kura, na 'yan mata da ruwa, na barkwanci. Amma akwai guda da take komawa kanta duk ɗari, har na gaji da ita. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan ɗaga zaren ta ce, "Ga bakin zare, wa zai kama?" Ni kuwa in ce, "Na kama."

Wai an yi wani maɗinki wanda ɗinkinsa ba ya warwarewa. Wata rana ya je ɗiban ruwa a wata tsohuwar rijiya, irin tamu ta Damargu da in ka jefa dutse sai ka gaji da jira kafin ka ji ƙararsa. Aljanun rijiyar suka ga rigar jikinsa, suka yi sha'awa, suka ja shi ciki ya yi musu kayan biki. Suka ce in biki ya wuce sai ya tafi. Ashe su aljanu bikinsu ba ya wucewa. Yau suna, gobe aure, jibi wata ta sake haihuwa. A nan Kaka takan harari katangar maƙwabta ta ce, "Kamar wasu mutane da na sani."

Matar maɗinkin ta jira, ta jira. Da ta gaji ta ɗauki taskirarta, ta riƙe hannun ɗanta, ta zauna bakin rijiyar tana kaɗi. Ta yi ta zura zare har ya taɓa kan sarkin aljanu. Ya hau sama ya ce, "Ke wace ce ke yi mana susa?" Ta ce mijinta take nema. Ya ce, "Mazan da ke wurinmu suna da yawa. Kira sunansa sau ɗaya ki tafi da abinki."

Ta ce, "Maigidana."

Ya ce, "Duk cikinsu kowa maigidan wata ne."

Ta ce, "Uban yaron nan."

Ya ce, "Duk sun haifu."

Ta ce, "Mai allura."

Ya ce, "Masu allura ɗaki guda gare mu. Suna nake so."

Ta buɗe baki, sunan ya zo har bayan haƙora, ya tsaya. Tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta taɓa faɗi ba, harshen ya ƙi. Sarkin aljanu ya ce, "To wani ya faɗa a madadinki. Amma ba za ki raɗa masa ba." Sai matar ta dubi hannunta, ta dubi ɗanta. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kai yaro, mene ne wannan a yatsana?"

In an zo nan Kaka takan tsai da mazari. Ta dangwala yatsanta, ta kawo shi gaban fuskata, fari fat cikin hasken wuta. "Kai ne yaron. Mene ne wannan?"

In ce, "Farin nan."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Sarkin aljanu ya ce ba su da mai wannan suna, ya koma ƙasa. Mata ta naɗe zarenta. Zare ya tsinke, je ka kwanta."

Ba na son ƙarshen nan. Na ce mata tatsuniyar banza ce, tunda mutumin ba ya fitowa. Ta ce wata shekara zai fito.

Sau ɗaya ya fito. Akwai wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, Dije, ta ɗan girme ni, bakinta ba ya rufuwa. Uwarta ta haihu, ɗakinsu ya cika da mata, aka turo ta ta kwana wurinmu. Kaka ta yi tatsuniyar rijiya. Da ta ɗaga yatsa, kafin in buɗe baki Dije ta ce, "Alli mana! Wa bai san alli ba?"

Mazarin ya faɗi. Kaka ta ja gefen zane ta rufe fuska kamar amaryar da aka kama tana leƙe. Kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Da ta buɗe, muryarta ta sake. Ta ce sarkin aljanu ya buga ƙafa ya ce an ci shi, zare ya yi nauyi, mata da ɗa suka ja, suka ja, sai ga mutum ya fito da allurarsa a hula. Har ta ƙara da abin da aka dafa masa a daren. Dije ta yi ta tafa hannu.

Kaka ta juyo gare ni. "Ka ji abin da 'yar mutane ta ce?"

Ni haushi ya cika ni, baƙuwa ta zo ta ci mini tatsuniya. Na ce, "Su a gidansu ke nan. Mu a gidanmu farin nan muke cewa."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Haka ne, mijina. A gidanmu haka muke cewa."

Kada wani ya ce mini dolo. Ita ta koya mini kalmar, sannan ta zo tana neman wata a bakina.

Ba wai ta yi niyyar tafiya da sunan ba. Tana ganin akwai lokaci. Da aka yi mini kaciya na ɗauka za a faɗa, wanzami bai tambaya ba, ita kuma tana can tana fama da bantunan yaran gari. Ta ce in na yi saukar karatu. Daga baya ta ce ranar aure, ranar da zan sa rigar nan. "Ranar liman zai tambaya, ni kuwa na san yadda zan yi a gane. Gaggawar me kake? Amarya ka samu?"

Sai Nasara ya aiko a ba shi yara don lakwal, wato makarantar boko. Masu gari suka ɓoye nasu cikin rumbuna. Aka duba wanda ba shi da uban da zai yi magana, aka same ni. Gardi, dogarin Nasara, ya ɗora ni bayan doki da hantsi, Kaka tana gidan wani biki tana gyara wuyan riga. Ta fito da gudu da allura a hannu, ta kira "Ango!" Ko a ranar Ango ta kira.

A Damagaram mushe, malamin lakwal ɗin, ya tambayi sunana na ce Ango, na uba na ce Nomau, ya rubuta. Laƙabi kan laƙabi, shi ke bisa takarduna har yau. Na yi 'yan shekaru ina shan bulala ina haddace kogunan ƙasarsu, ban kai ko'ina ba suka sallame ni. Karatun bai isa a ba ni kujera ba, amma ya isa mutanen ƙauye su daina yarda da ni. Da na koma gari na tarar an yi damina biyu a kan kabarinta. Rigar ba ta ƙare ba, hannu ɗaya babu. Wata maƙwabciya ta ajiye mini, gara ta riga ni.

Ranar ɗaurin aurena liman ya ce, "Sunan ango?" Aka ce Ango. Mutane suka fashe da dariya. Ya ce na yanka yake nufi. Na ce ban sani ba. Ya dube ni kamar na ce ban san alƙibla ba, sannan ya ce, "To, duk namiji Muhammadu ne," ya ɗaura da shi. Aka shafa fatiha, aka watse. Ni na tsaya ina jin kamar auren wani aka ɗaura.

Tun daga nan abin ya zame mini ciwo. Wasu in sun sami hutu sai dara, ni sai neman asali. In aikin awon gyada ya tsaya sai in hau hanya, in bi kasuwannin Tarka da Belbeji ina tsai da tsofaffi. Kun san wani maɗinki da ya mutu kafin yunwa, mai ɗa Nomau? Wani ya ce an yi maɗinka da yawa. Wani ya ce Nomau nawa kake so. Wani Bafillace ya rantse ya san shi, ya ba ni suna, washegari ya ba ni wani. Matata Hadiza ta ce ina bin matattu na bar masu rai, sunan ɗanmu na biyu ma ba na gida aka yi shi. Gaskiyarta ce, ban musa ba.

Amsar kuwa a tsakar gidana ta same ni, da rana tsaka, na riga na haura arba'in. Ana shirin auren babbar 'yarmu, mata sun taru suna kaɗin zaren gwado. Ina zaure ina karanta wata tsohuwar jarida da aka ƙunso mini goro a ciki. Wata baƙuwa, matar wani mai shago da bai daɗe da zuwa unguwar ba, ta ce wa Hadiza, "Yaya, ɗan ba ni farin nan." Na ɗaga kai. Tun mutuwar Kaka ban ƙara jin an ce haka ba.

Wata yarinya ta ce, "Wane fari?" Matan suka kwashe da dariya. Hadiza ta ce, "Ke ba ki da wayo. Alli take nufi. Mijinta Ali ne, ya za ta faɗa?"

Na ajiye jaridar. Sai daren nan ya dawo mini. Na ga yatsan nan a gaban fuskata, na ji Dije, na ga mazari ya faɗi. Alli, Ali. Abin da kowace mace a Damargu za ta gane kafin ta haɗiye yawu, ni na yi ta yawo kasuwa kasuwa ina nemansa wurin maza.

Da yamma na faɗa wa Hadiza. Ta kama baki ta ce, "Shekara da shekaru ina faɗinsa a gabanka!" Tun ranar ba ta ƙara cewa alli ba. Na sami sunana, a take na rasa bakin da zai kira shi.

Na yi fushi da tsohuwar nan, ba zan ɓoye ba. Matar da ta ratsa daji da ni a baya cikin yunwa, ta kasa fitar da ɗan guntun suna daga bakinta. Kunya suke ce masa, suna yabo. Ni kunyar nan ta sa na yi rabin rai da sunan wasa. Shi ya sa 'ya'yana kowa na faɗa masa sunansa da na ubansa da baki, ƙarara, ko mata su toshe kunne. Ana cewa ba ni da ta-ido. To, ba ni da ita.

Amma yanzu da na kusa kai shekarunta na fara ganin wani abu. Ni na ɗauka darasi take ba ni, ni ne wanda ya yi asara. Ban taɓa tunanin ita ba. Mace ce da ta binne miji, ta binne ɗa, ta zo garin da ba wanda ya san an taɓa yin su. Ba mai ambaton mutumin nan ko da kuskure. Ita ba ta iyawa. Bakin da ya rage nawa ne. Duk ɗari takan zauna ta zura zare, ta ɗaga yatsa, ko za ta ji sunan sau ɗaya a bakin bukkarta. Ba ɓoye shi ta yi ba. Ta kawo shi iyakar inda ƙafarta ke iya zuwa, ta tsaya tana miƙo hannu. In na tuna har abincin da ta ce an dafa wa maɗinkin a daren Dije, sai fushin ya rasa wurin zama.

Shaida dai ba ni da ita. Ba wanda ya rage da zai ce haka ne. Ba alƙalin da zai sake mini takarda don wata tsohuwa ba ta faɗin alli. Ban ma nema ba.

Kwanan baya na sami limamin unguwarmu bayan la'asar. Sa'ana ne, muna wasa. Na ce, "Malam, in na riga ka, in za ka yi sanarwa, ka ce Ali ne ya rasu."

Ya ce, "Wane Ali?"

Na ce, "Ni."

Na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu ya ce, "Ango, kai ko mutuwarka sai ka sa mata rigima. In na ce Ali ya rasu wa zai fito? Duk garin nan ba wanda ya san shi. Kana so in ɗauke ka ni kaɗai?"

Na ce, "Ka faɗa dai, ka ɗaga murya. Waɗanda suka san shi ba nan suke ba, suna can inda za ni."